Rashin Suna Ma Ciwo Ne: Zubewar Gashi da Sha'anin Garkuwar Jiki

Gabatarwa

Na san wani zai yi mamakin ganin batun ciwo da asibiti a cikin mujallar da aka saba cika ta da nazarin waƙa da nahawu da tatsuniya. To, ina roƙon a yi mini uzuri har a ji dalili. Abin da ya jawo wannan rubutu wani al'amari ne da ya auku a gidanmu a Tudun Jukun, nan Zariya, wanda ya nuna mini cewa akwai cutar da rabin wahalarta ta rashin suna ce, alhali kuwa raɗa wa abu suna da fayyace shi aikinmu ne mu masu nazarin harshe.

A hutun bara na raka ƙanena, ɗan shekara 14, wurin wanzamin unguwarmu, dattijon da shi ya yi mana askin suna mu duka. Yana cikin aski sai ya tsaya, ya yafito ni, ya nuna mini wani fili a ƙeyar yaron, kewayayye kamar an ɗora kwabo an zana, sumul, ba gashi ko ɗaya, ba kuma ƙuraje ko amosani. Na ce, "Baba, ko ƙora ce?" Ya ce, "Ɗana, na tsufa ina ganin ƙora. Ita tana da gari-gari da ƙaiƙayi. Wannan dabam take, nakan gamu da ita jefi-jefi, amma ban taɓa jin an kira ta da wani suna ba."

Da muka koma gida kowa ya kawo nasa bayani. Kakarmu ta ce aljanu ne suka yi masa aski cikin dare. Wata gwaggonmu ta ce sammu ne, don yaron yana da ƙoƙari a makaranta. Wani mai kantin magani ya ba mu man shafawa na makero, aka yi wata guda ana shafawa a banza. Daga nan aka kankare wurin aka goga tafarnuwa har fata ta sale. Abokansa suka daina aron hularsa, wasu suka daina zama kusa da shi, shi kuwa ya fara ƙirƙiro ciwon kai kowace safiya don kada ya je makaranta. Sai bayan wata uku muka kai shi wani asibiti, likitan fata ya duba shi na ɗan lokaci kaɗan ya gane abin da ke damunsa. Amma da ya zo yi wa mahaifiyarmu bayani da Hausa, sai ya ce mata, "Hajiya, matsala ce ta garkuwar jiki." Nan take na ga hankalinta ya tashi, domin ita a rayuwarta ba ta taɓa jin an ambaci garkuwar jiki ba sai tare da ƙanjamau. Likitan gaskiya ya faɗa, harshe ne ya gaza masa.

Wace Irin Cuta Ce?

Likitoci suna kiran wannan cuta alofeshiya ariyata. Kashin farko na sunan daga kalmar Girkanci ta yanyawa ya samo asali, saboda yadda gashin wannan dabba kan tsige wuri-wuri idan ta yi ƙazwa, kashi na biyu kuwa yana nufin fili-fili. Wani marubucin Rumawa mai suna Celsus ya bayyana ta tun a ƙarni na farko na Miladiyya, sa'an nan wani likitan Faransa, Sauvages, ya ba ta sunan da ake kiranta da shi yanzu a cikin ƙarni na 18. Ba ta zaɓen mace ko namiji, kuma ta fi farawa kafin mutum ya kai shekara 40. Ƙididdigar da aka yi a wata gunduma ta jihar Minnesota a Amurka ta nuna kusan mutum 2 cikin 100 za su gamu da ita a tsawon rayuwarsu, wasu bincike na can kuma sun nuna baƙar fata sun ɗan fi farare kamuwa.

Ya kamata mai karatu ya bambance ta da 'yan'uwanta. Ƙora, wadda wasu kan kira makero, wata ƙwayar cuta ce dangin fumfuna ke kawo ta, ta fi kama yara, ana ɗaukarta ta aska da injin aski da mataji da hula, kuma maganinta ƙwaya ce da ake sha na makonni. Sanƙo gado ne, a hankali yake cin goshi da tsakar ka. Akwai kuma zubewar gashin gaban goshi da matsattsen kitso ke jawo wa mata. Ita kuwa wadda muke magana a kanta farat ɗaya take bayyana, fatar wurin lafiya lau, kuma ba a ɗaukarta ko da an kwana kan matashi ɗaya. Takan kama gemu ko gira, wani lokaci ta bar ƙananan ramuka a farce. Ga mutane kaɗan takan share kai gaba ɗaya, ko ma dukan gashin jiki. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa sun san Pierluigi Collina, Ba'italiyen da ya yi alƙalancin wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta 1996, ranar da Nijeriya ta ci Ajantina 3 da 2. Wannan ƙwalƙwal ɗin kan nasa aikin cutar nan ne, tun yana saurayi, kuma bai hana shi zama alƙalin wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2002 ba.

Kada mu ga laifin mai kantin maganin da ya rikita ta da ƙora, domin Turawa ma sun yi wannan ruɗu. A 1843 wani likita a birnin Faris, David Gruby, ya gano ƙwayar fumfuna a kan masu zubewar gashi fili-fili, sai rikicin sunaye ya sa aka shafe shekaru ana zaton cututtukan biyu abu ɗaya ne, ana ta gardama ko ana ɗaukarta. Ashe ke nan a can ma suna ne ya fara ɓatar da masana.

Abin da Bincike Ya Gano

A cikin jinin kowannenmu akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu sintiri ne, suna neman baƙon abu su hallaka shi. Daga cikinsu akwai wani rukuni da ake kira ƙwayoyin T. Ita saiwar gashi, a lokacin da take tsiro, tana cikin 'yan wurare kaɗan na jiki da suke ɓoye alamominsu daga waɗannan masu sintiri, kamar dai gidan da aka hana dogarai shiga. A farkon shekarun 1990 wani masani Bajamushe, Ralf Paus, ya kawo ra'ayin cewa cutar tana tasowa ne idan wannan kariya ta rushe, masu sintiri suka ga abin da ba su saba gani ba, suka ɗauke shi abokin gaba. Idan aka yanki 'yar fatar wurin aka duba da madubin likita, sai a ga ƙwayoyin sun yanyame gindin gashi kamar taron ƙudan zuma.

Hujja mai ƙarfi ta zo daga gwajin Amos Gilhar da abokan aikinsa. Sun ɗauki fatar kan masu cutar suka dasa a jikin ɓerayen da ba su da garkuwar jiki, sai gashi ya sake tsirowa. A 1998 kuma suka nuna cewa idan aka yi wa wannan dasasshiyar fata allurar ƙwayoyin T na mai cutar, gashin sai ya sake zubewa. Wannan ya tabbatar da abu biyu: saiwar gashi ba ta mutu ba, kuma mai laifin yana cikin jini. Dalili ke nan da ya sa gashi kan iya dawowa ko bayan shekaru, domin harin yana tsayawa ne a can gindi, bai taɓa ma'ajiyar irin da sabon gashi ke fitowa daga gare ta ba.

Daga nan sai aikin Angela Christiano ta Jami'ar Kolombiya a birnin Niyok, wadda ita kanta cutar ta kama ta tana matashiyar malama. A 2010 ita da tawagarta suka kwatanta ƙwayoyin gado na masu cutar 1,054 da na masu lafiya 3,278, suka gano wurare 8 da ke da hannu a ciki. Abin mamaki shi ne, waɗannan wurare sun fi kama da na ciwon sukari irin na yara da na wani nau'in amosanin gaɓɓai fiye da na sauran cututtukan fata. A 2014 suka gano ainihin rukunin ƙwayoyin T da ke kai harin, da kuma hanyar da saƙo ke kai da komowa tsakaninsu da saiwar gashi, kowane ɓangare yana ƙara zuga ɗaya. Saƙon yana bi ne ta wasu sinadarai da ake kira JAK, kuma da ma akwai magungunan da ke toshe su, waɗanda aka yi domin wasu cututtuka. Aka gwada ɗaya a kan mutum 3, gashinsu ya dawo cikin wata 3 zuwa 5. A wannan shekara kuma Brett King na Jami'ar Yale ya ba wani saurayi ɗan shekara 25 irin wannan magani, ya sami cikakken gashi cikin wata 8.

A watan Yuni na 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar Olumiant domin manya masu tsananin cutar, bayan gwaji a kan mutum 1,200. A cikin waɗanda suka sha babban awo na mako 36, fiye da kashi ɗaya cikin uku sun sami gashin da ya rufe aƙalla kashi 80 cikin 100 na kansu, alhali cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta, ba su wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba. Litfulo ta biyo baya a 2023, wadda ake ba har 'yan shekara 12, sa'an nan Leqselvi a 2024. Amma fa kada mu yi saurin guɗa. Waɗannan magunguna kuɗinsu a Amurka dubban daloli ne a wata, gashi kan sake zubewa idan an daina sha, kuma tun da rage ƙarfin masu sintiri suke yi, suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki. A ƙasa irin tamu, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cikin masu fama da tarin fuka ƙwarai, wannan ba ƙaramin gargaɗi ba ne. Ga mai fili ɗaya ko biyu kuwa, abin da likitoci suka fi yi shi ne allurar maganin kwantar da kumburi a cikin fatar wurin bayan kowane mako 4 zuwa 6, ko kuma a dakata a gani.

Daɗin daɗawa, irin wannan bincike ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 1968 Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya buga rahoton cewa cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya sun yi ƙaranci cikin marasa lafiyar da ake kwantarwa a can, kuma ya yi hasashen cewa yawan fama da zazzaɓin cizon sauro ne ke sauya halin garkuwar. Wannan masani ya shafe shekara 10, daga 1970 zuwa 1980, a nan Jami'ar Ahmadu Bello yana nazarin garkuwar jiki da zazzaɓi da sanƙarau. Watau tambayar yadda garkuwar ɗan Afirka ke aiki an daɗe da yin ta a garin nan, amsoshinta ne ba su sauko cikin harshen mutanen gari ba.

Garkuwa ko Dakaru?

A nan ne nake ganin aikinmu ya shigo. Sunan cuta a Hausa yakan zo ɗauke da bayaninta. Sanƙarau suna ne mai kyau, domin ya nuna alamar da uwa za ta gani, watau wuya ya sanƙare, ta garzaya asibiti. Shan-inna kuwa suna ne da ya ɗora laifi a kan iska, ya ce Inna ce ta shanye ƙafar yaro, kuma masu rigakafi sun sha fama da wannan fahimta kafin a kai ga sanarwar 2020 cewa an kau da asalin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka. Inda kuma babu suna sam, to, kowa sai ya cike gurbin da abin da ya fi tsoro, kamar yadda kakata da gwaggona suka yi. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

Ita kanta kalmar garkuwar jiki tana da nakasa biyu. Ta farko, ta bazu ne cikin jama'a ta hanyar yaƙi da ƙanjamau, saboda haka ta taho da abin kunyar da aka jingina wa wannan cuta. Ta biyu, garkuwa abar riƙewa ce, ba ta motsi da kanta. Tana iya yin kauri ko ta yi rauni, tana iya tsagewa, amma ba a taɓa jin garkuwa ta sari mai riƙe da ita ba. Don haka duk wanda aka ce masa garkuwarsa tana da matsala, abin da zai fahimta shi ne ta yi rauni, sai ya nufi masu tallar maganin ƙara ƙarfin garkuwa a bakin kasuwa, alhali a wannan cuta ba ƙarfi ne ya gaza ba, ganewa ce ta ɓace. Da za mu ce dakarun jiki, da bayani ya yi sauƙi, domin kowa ya san dakare yana iya yin kuskure cikin duhu ya sari ɗan gida. Da likita ya ce wa mahaifiyarmu, "Hajiya, dakarun jikinsa ne suka yi ɓatan-kai suka far wa saiwar gashi, ba a ɗauka, kuma saiwar tana nan da rai," da ta koma gida da kwanciyar hankali.

Saboda haka ina ba da shawarar a kira wannan rukuni na cututtuka ɓatan-kan dakarun jiki, ita kuma wannan a kira ta sanƙon kwabo. Na zaɓi sanƙo ne domin Bahaushe ya san ba a ɗaukarsa kuma ba ya danganta shi da iska, kwabo kuma ya ba da siffa. Na san sunan yana da rauni, tun da sanƙo ba ya komawa ita kuwa tana komawa, kuma kwabo bai ƙunshi wanda ya rasa gashin kai duka ba. Idan wani yana da wanda ya fi shi, ko ya ji wani tsohon suna a karin harshen Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi, to, shafukan wannan mujalla ne wurin kawo shi.

Amsa ga Masu Ja

Wani zai ce, ana fama da zazzaɓi da tarin fuka, wa ke ta gashi? Gaskiya ne cutar nan ba ta kisa. Amma yaron da ya ƙaurace wa makaranta, da budurwar da ke fargabar ranar da ƙawaye za su kwance mata ɗankwali don kitson aure, da matar da ta zargi kishiyarta da sammu har zumunci ya lalace, duk asara suka yi ta gaske. Bugu da ƙari, kalmomin da za mu gyara domin wannan cuta su ne za su yi wa mai ciwon sukari irin na yara da mai amosanin gaɓɓai amfani, tun da tushensu ɗaya ne.

Wani kuma zai ce ya ga wanda aka yi wa maganin gargajiya gashinsa ya dawo. Ban ƙaryata shi ba. Sai dai ya sani cewa tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu cutar gashinsu kan dawo da kansa cikin shekara guda, saboda haka duk abin da aka shafa a ƙarshe shi ke karɓar yabo. Duk da haka ba na goyon bayan a yi wa masu maganin gargajiya dariya. Likitocin zamani ma suna da hanyar shafa wani sinadari mai tayar da ƙaiƙayi da gangan don a karkatar da hankalin dakarun, kuma a 2002 wasu likitocin Bagadaza sun buga wani ɗan ƙaramin gwaji da ya nuna alamun amfanin ruwan albasa. Abin da ya raba su da mai goga tafarnuwa har fata ta sale shi ne awo da gwaji da rubuta sakamako.

Kammalawa

Zariya ba ta rasa kayan wannan aiki ba. A garin nan aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, jaridar da ta koya wa Hausa ɗaukar sababbin ma'anoni masu yawa. Ga asibitin koyarwa a Shika, ga masu nazarin haɗa magunguna a Samaru, ga mu nan kuma masu nazarin harshe, amma kowa yana cin tuwonsa shi kaɗai, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon malamanmu su ƙarfafa wa ɗaliban ajin ƙarshe gwiwar ɗaukar sunayen cututtukan fata da gashi a matsayin batun kundin digiri, a bi wanzamai da makitsa da ungozomomi a tattaro abin da suke faɗa kafin ya ɓace, sa'an nan a zauna da likitocin fata a tace, a fitar da ɗan littafi da za a iya karantawa a rediyo. A fara da wanzamai da makitsa, domin su ke ganin ƙeyar mutum kafin shi ya san abin da ke can. Dattijon unguwarmu ya bambance cutar nan da ƙora da ido kawai, kafin kowane likita ya gan ta. Da yana da suna da jimla biyu na bayani, da an tsirar da ƙanena daga wahalar wata uku.

Shi dai yaron, bayan an yi masa allura sau uku, gashi ya fara tsirowa, da fari fari fat kamar furfura, daga baya ya yi baƙi. Likita ya gargaɗe mu cewa tana iya dawowa wata rana. Idan ta dawo, fatana shi ne ta tarar muna da sunan da za mu kira ta da shi, wanda kakarmu ma za ta ji ta gane.